An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Gasket, Baƙin Mai da Kanikawan Hanyar Tudun Wada

Motar da ta baro Kano za ta Jos, idan ta iso Kwanar Dangora a ƙasar Kiru sai ta saki tagwayen titin Zariya ta karya hagu. Daga nan hanya ta koma falle ɗaya: Tudun Wadar Ɗankadai, dajin Falgore, ƙasar Doguwa, Saminaka a jihar Kaduna, sannan a fara hawan duwatsun Filato. Tudun birnin Kano bai kai mita 500 daga bakin teku ba, na Jos kuwa ya kai wajen mita 1,200. Ke nan mai tafiya kudu hawa yake yi, ko da idonsa bai nuna masa ba. Inji ne ke sani. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin rana ke taɓa digiri 40, da wuya mutum ya ratsa wannan hanya bai ga mota a gefen titi ba, an ɗage mata bonet, tururi na tashi, fasinjoji sun fake a gindin bishiya, yaron mota ya nufi rafi da jarka.

Idan aka jawo ta gareji, hukunci ɗaya ne kusan kullum: tof gasket ya ƙone. A sauke kan inji, a sa sabo, a ɗaure, mai mota ya biya. Kafin wata uku sai ga shi ya dawo da fuska a murtuke, ruwa na raguwa a lagireto, farin hayaƙi na fita ta salansa, baƙin mai kuma na ɗiga duk inda motar ta kwana. Mai mota ya ce bakanike ya cuce shi. Bakanike ya ce kayan yanzu ne ba su da kyau. Mai sayar da kaya ya ce direba ne ba shi da hannu. Kowa da gaskiyarsa, amma babu wanda ya faɗi duka. Wannan rigima tana da tarihi, kuma tarihin ya fi bayyana dalilin dawowar ciwon fiye da duk wata gardamar bakin gareji.

Shi gasket ɗin ba wani abin kallo ba ne. Falle ne siriri mai ramuka, ana shimfiɗa shi tsakanin gangar inji da kansa, wanda kanikawa ke kira tof. Abubuwa uku yake rabawa: wutar da ke tashi a cikin silinda, ruwan da ke sanyaya inji, da baƙin man da ke hawa sama ya jiƙa bawul. Ukun nan suna wucewa ta ramukan da ke kusa da juna ƙwarai, kuma ba a so ɗaya ya leƙa gidan ɗaya. Idan gasket ya saki, wuta ta shiga hanyar ruwa, sai lagireto ya riƙa kumfa yana amai. Idan ruwa ya shiga hanyar mai, sai a zaro sandar gwaji a ga mai ya koma kalar shayi mai madara. Abin da ya kamata a riƙe shi ne, gasket ba kasafai yake mutuwa don kansa ba. Zafi ne ke kashe shi, ko lanƙwasar tof, ko mugun ɗauri. Wanda ya canza shi bai nemo abin da ya kashe na farkon ba, ya sayi lokaci ne kawai.

Kafin mota, jakai da fatake ne ke bin wannan yanki, kuma abin da ya sa sunansa ya yi nisa shi ne kuzar Riruwai, wadda maƙera ke narkawa tun kafin zuwan Turawa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Shekara guda bayan haka aka ja wani siririn layin dogo daga Zariya zuwa Rahama, aka ƙarasa da shi Jos a 1914, don kwasar kuzar Filato. An rufe wannan layi a 1957, kuma daga nan kaya tsakanin Kano da Jos suka ƙara komawa kan manyan motoci masu bodin katako. Bedford ce sarauniyar wancan zamani, har kamfanin UAC ya fara harhaɗa ta a Apapa a ƙarshen shekarun 1950.

Injinan wancan zamani baƙin ƙarfe ne sama da ƙasa. Ganga ƙarfe, tof ƙarfe, suna ɗaukar zafi tare, suna hucewa tare. Gasket ɗinsu na jan ƙarfe ne da asbestos a tsakiya, mai kauri, mai laushi, wanda ke cike 'yan ramukan da ke fuskar ƙarfe. Inji irin wannan yana da haƙuri. Ya tafasa a kan tudu, a tsaya a sha iska, a zuba masa ruwan rafi, a ci gaba da tafiya. Direba shi ne bakaniken motarsa, yana tafe da akwatin sifanu a ƙarƙashin kujera, karen mota kuma yana koyon tuƙi da gyara a lokaci guda, tsakanin sa weji da ɗaure kaya. Kanikawan farko da suka buɗe gareji nasu galibi daga wuraren nan suka fito: bayan mota, ko ma'aikatar ayyuka ta gwamnati da ta En'e, ko garejin kamfanonin Turawa irin su SCOA da CFAO da Leventis a Kano. Abin da suka koya a can shi suka koya wa yaransu, yaran suka koya wa nasu. Littafi bai shiga tsakani ba. Ido ne da kunne da hannu, kuma a kan injinan da aka koya, ilimin ya yi aiki sosai.

Shekarun 1970 ne suka cika kudancin Kano da ƙarar inji. Gwamna Audu Bako ya gina madatsar Bagauda, sannan ta Tiga a ƙasar Bebeji, wadda aka kammala a 1974. Tifofi da katafilolin aikin suka zo da direbobi da kanikawa, ruwan Tiga ya buɗe noman rani a Kadawa da Kura, amfanin gona ya nemi motar da za ta kai shi kasuwa. Ana cikin haka ƙarin albashin Udoji ya shiga aljihun ma'aikata. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri ta Kaduna, Volkswagen kuma ya fara nasa a Legas. Kano ta samu masana'antar manyan motocin Fiat, Bauci ta samu Steyr, Inugu ta samu ta Marsandi a 1980. Malamin makaranta a Bebeji ko ma'aikacin gona a Tudun Wada yana iya karɓar bashin mota ya sayi sabuwa dal a leda.

Fijo 504, da yayarta 404, su ne makarantar kanikawan Arewa. Ana yawan cewa injinsu duk baƙin ƙarfe ne, amma ba haka ba ne: gangar ce ƙarfe, tof ɗin na alminiyom ne. Sai dai an yi injin da niyyar a buɗe shi a gyara. Silindojinsa hannayen riga ne da ake zarewa, don haka idan inji ya gaji sai a sayo saiti guda, silif da fistin da ringi, a mayar da shi kusan sabo a ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Ɗakin injin yana da fili, iska na ratsawa, hannu na kaiwa ko'ina. Lagireton na jan ƙarfe ne da tagulla, wanda idan ya huje akwai mai sana'arsa na musamman, da murhun gawayi da darma, zai fasa shi ya zuzzura masa waya ya wanke, ya like ya mayar. Kayan gyara kuma na kamfani ne, daga wurin dila, a cikin kwalinsu. Matatar mai ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, an yi mata sashen da ke fitar da ainihin man da ake haɗa baƙin mai da shi, kuma ita kaɗai ce mai irin wannan sashe a matatun ƙasar. Ke nan mota da kayanta da manta duk daga Kaduna suke zuwa, tafiyar 'yan sa'o'i.

Ita kuwa ƙaramar Boswaja mai inji a baya, ba ta san tafasa ba, don iska ke sanyaya ta, ba ta da lagireto sam. Amma a fannin ɗigar da mai ba ta da na biyu, kuma masu ita sun saba kallon tabon da take bari a ƙofar gida a matsayin ɗabi'arta.

Daga wannan zamani aka gaji wasu ƙa'idojin aiki da har yau ake bi. Ruwa ruwa ne, kowane iri a zuba. A ɗaure ƙusoshin tof da ƙarfin damtse har sai hannu ya ce ya isa, in ya so a ƙara wa sifana bututu. Bayan 'yar tafiya a dawo a ƙara ɗaurewa. Tsofaffin ƙusoshi a wanke su da fetur a mayar. A shafa giris ko gam a fuskar gasket don ya kama. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya zama wauta a lokacinsa. Ƙarin ɗauri bayan tafiya ma umarnin masu ƙera motar ne, domin gasket mai laushi yana lotsawa idan ya sha zafi.

Sai ƙasa ta juya. Tsuke bakin aljihun gwamnatin Shagari a 1982 ya sa kayan gyara suka yi wuya, sai da lasisin shigo da kaya. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo shirin tattalin arziki na SAP, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, masana'antun harhaɗawa suka fara durƙushewa ɗaya bayan ɗaya. Gurbin da suka bari tsofaffin motocin Turai ne suka cike shi, waɗanda ake lodawa a tashoshin ruwan Beljiyam a sauke a Kwatano, a biyo da su ta kan iyaka. Sunayen biyu suka zauna a bakin mutane: mota 'yar Kwatano, kaya Beljiyam. A hankali tashoshin Tudun Wada da Kwanar Dangora suka sauya fuska. Wagon ɗin Fijo ta ja baya, J5 ta riƙe lodin tumatir da hatsi, Hayis ta ɗauki dogon zango, sannan Golf da Sharon suka mamaye jigilar fasinja. Golf 3 an ƙera ta ne tun daga 1991, Sharon kuma daga 1995, don iyalin Bature mai mutum biyar ko bakwai, a ƙasar da dusar ƙanƙara ke zuba. A nan sai ta tarar da mutum biyu a kujerar gaba ban da direba, huɗu a baya, but a buɗe an ɗaure buhunan masara da igiya.

Motocin sun zo, amma babu abin da ya biyo su. Babu dila, babu littafin gyara, babu kayan awo, babu wanda ya tara kanikawa ya ce musu ga abin da ya canza. Alhali kuwa kusan komai ya canza.

Alminiyom yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. A sababbin injina tof ya ƙara sirancewa, an matse silindoji kusa da juna, ɗakin inji ya cushe, kuma an tsara injin ya yi aiki da zafin da ya kusa tafasar ruwa. Abin da ke hana shi tafasa shi ne murfi mai riƙe matsi, wanda ke ɗaga ma'aunin tafasa daga digiri 100 zuwa wajen 120. Murfin nan da ba a ɗauke shi a bakin komai ba, idan robarsa ta mutu ko aka maye gurbinsa da tsumma da leda, an riga an zubar da digiri 20 na kariya. Lagireto ya koma alminiyom da tankin roba, wanda darma ba ta kama shi, sai dai a lallaɓa da gam. Mahaɗan bututun ruwa ma roba ne, suna tsufa su tsage a ɓoye. Fanka ta koma ta lantarki, tana jiran umarnin wani ɗan makunni da ke jin zafin ruwa. Inji irin wannan idan ya tafasa sau ɗaya sosai, tof yana iya lanƙwasa, kuma lanƙwasar da ta wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ta isa ta hana sabon gasket zama. Ido ba ya ganin wannan. Sai an ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar tof an zura ma'aunin tazara a ƙarƙashinsa.

A nan ne gyara ke komawa na gangar Auzinawa. Ɗauki batun tamostat, ɗan bawul ɗin da ke tsare ruwa a cikin inji har ya kai zafin aiki, wajen digiri 80 zuwa 90, sannan ya buɗe masa hanyar lagireto. Al'ada ce da ta game Nijeriya cewa da zarar mota ta sauka daga Kwatano a cire shi a jefar, a kuma haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa daga tayar da mota har kashe ta. Hujjar ita ce abin na ƙasar sanyi ne. Kanikawan da suka fara wannan suna da uzuri: sun ga tsofaffin tamostat da suka maƙale a rufe suka dafa inji, sabo mai kyau kuma ba ya samuwa. Amma a injina da yawa tamostat aiki biyu yake yi. Idan ya buɗe hanyar lagireto, yana kuma toshe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya huce ba. Cire shi ya bar wannan hanya a buɗe har abada. Da safiyar hunturu, irin sanyin da ake yi a Doguwa da Riruwai, injin ba ya ɗumama, yana shan fetur fiye da ƙima, danshi na taruwa a cikin mai. Da rana kuma a kan tudu da lodi, wani kason ruwan na zagayawa bai ga lagireto ba. An yi asara ta gaba da ta baya.

Sai ruwan kansa. Ruwan kala da masu ƙera mota ke cewa a zuba ba don ƙanƙara kaɗai aka yi shi ba, yana ɗauke da sinadaran hana tsatsa. Ruwan rijiya da na burtsatse da na rafi suna cin ƙarfe, suna cin alminiyom, suna tara ƙanzo a siraran bututun lagireto har rabinsu ya toshe. Tsatsar nan tana cinye fikafikan watafam, tana kuma rarake gefen ramukan ruwa a fuskar tof, daidai inda gasket ke buƙatar wuri mai santsi. Mafi muni shi ne abin da ake yi a gefen titi cikin gaggawa: a buɗe murfi inji na huci, a kwarara masa ruwan sanyi a kashe. Bedford tana iya yafe wannan. Tof ɗin Golf yana iya tsagewa nan take.

Ƙusoshin tof ma sun canza hali. Na injinan Golf da Sharon da ire-irensu an yi su ne su ɗan miƙe idan an ɗaure, shi ya sa ake ɗaure su da sifana mai awo zuwa wani adadi, sannan a ƙara juyi na ƙayyadadden kwana, daga tsakiya ana fita waje, ɗaya bayan ɗaya bisa tsari. Ƙusar da ta miƙe sau ɗaya ba ta sake riƙewa kamar da, sabuwa ake so. Ba a kuma ƙara musu ɗauri daga baya. Gasket na zamani, musamman na faifan ƙarfe mai hawa-hawa da ya yaɗu tun shekarun 1990, ba ya lotsawa ya rufa wa fuskar da ba ta miƙe ba asiri, kuma a bushe ake sa shi. Duk ƙa'idojin da suka yi wa Fijo daidai, a nan sun zama hanyar dawowa gareji.

Kafin a ɗora wa bakanike laifi duka, a leƙa aljihun mai mota. Gyaran gaskiya yana nufin a sauke tof, a sa shi a mota zuwa Kano ko Zariya wurin masu injin gogewa, a gwada ko ya tsage, a share fuskarsa, a sayo gasket mai kyau da sababbin ƙusoshi, a wanke lagireto ko a canza shi, a duba watafam da murfi da fanka. Kwana uku ke nan ko huɗu mota na tsaye. Direban haya kuwa balas yake kaiwa kullum, kuma lokacin da motoci suka fi wahala shi ne lokacin da aka fi samun kuɗi: kaka, sa'ad da shinkafar Tudun Wada da masarar Doguwa ke fita, da rani, sa'ad da tumatir ke barin Kwanar Gafan. Kalmar da bakanike ya fi ji daga bakin mai mota ita ce a lallaɓa. Oga, a lallaɓa mini ita in yi lodin gobe. Idan ya ce sai an kai tof Kano, sai a ce yana neman na cefane ne, a tura motar garejin gaba. Shi ma da yara a gabansa da iyali a gida. Sai ya goge tof da sanfefa a kan gilashi, in ma ya samu gilashin, ya lafta gam, ya ɗaure, ya ce Alhaji a riƙa duba ruwa. Su biyun sun san abin da suka yi. Bayan wata biyu kowa zai nuna ya manta.

A kasuwar kayan gyara, ko Ƙofar Ruwa ce ko shagunan Sabon Gari, gasket ɗin mota ɗaya yana da farashi hawa uku ko huɗu, kuma kwalayen kusan iri ɗaya ne. Tun shekarun 1980 'yan kasuwar Nnewi suka buɗe hanyar Taiwan, daga baya Sin ta karɓe. A cikin kayan akwai nagari, akwai na banza, kuma yaron da aka aika da kuɗi daga Tudun Wada yana da dalilinsa na zaɓar mai araha. Wani lokaci ma ba a kai ga birni, abin da ke rataye a shagon bakin tasha shi ake sawa.

Hanyar ma tana da nata kason. Dajin Falgore ya daɗe da suna wajen 'yan fashi da ɓarayin shanu, har ta kai an mayar da wani sashensa filin atisayen soja. Direban da ya ga allurar zafi tana hawa a tsakiyar dajin, da magariba, da mata da yara a mota, ba zai tsaya ba, kuma babu mai hankalin da zai ce ya tsaya. Zai taka ne har ya ga gari. Mintocin nan su ne ke lanƙwasa tof. Wannan ma idan allurar na aiki ke nan, don a motoci da yawa wayarta ta daɗe da tsinkewa, direba sai ya ji ƙauri ko ya ga mota ta rage ja.

Ɗigar baƙin mai ƙanwar wannan ciwo ce, uwarsu ɗaya. Zafin da ya ƙona gasket shi ne ke busar da robobin da ke tsare mai: oyil sil na gaban karanshaf da na bayansa, da robar murfin bawul. Roba ta bushe ta yi tauri, sai ta saki. Sannan ga ƙura. Hanyoyin da ke shiga ƙauyuka daga babban titi ja ne, hunturu kuma na ƙara nasa, kuma matatar iska abu ce da ake bugawa a jikin taya a mayar har ta yage. Ƙurar da ta shiga silinda tana cin ringi. Ringi ya ci, hayaƙin wuta ya riƙa zurarewa ƙasa cikin ma'ajiyar mai, matsi ya taru. Akwai ɗan bututun numfashi da aka yi don ya fitar da wannan matsi, amma dattin tsohon mai yakan toshe shi, wani lokaci ma a toshe shi da gangan da ƙusa saboda yana jiƙa matatar iska. Matsin da ya rasa ƙofa sai ya tura mai ta kowace kafa. Shi ya sa ake canza oyil sil yau, mako mai zuwa mai ya ɓullo ta wani wuri. Sil ɗin ba shi da laifi. Injin ne ke neman numfashi.

Maganin da aka saba shi ne a ƙara kaurin mai. Injin da aka ƙera don mai mai ruwa-ruwa sai a ɗura masa 20W-50, ko SAE 40 irin na manyan motoci, don ya rage ɗiga da hayaƙi. Yana ragewa kuwa, na ɗan lokaci, amma da safe yana jinkirin hawa sama, sassan tof su yi ta gogayya a bushe. Sashen man matatar Kaduna ya daɗe da tsayawa, kamfanonin da ke haɗa baƙin mai a ƙasar, har da na Kano, daga waje suke shigo da tushensa. A gefensu kuma ga man awo da ake sayarwa a kwalabe a bakin titi, wanda ba mai iya cewa ga abin da ke ciki, ga kuma jabu a cikin galan mai tambari, wanda hukumar SON ke kamawa lokaci zuwa lokaci. Gam ɗin da ake laftawa a murfin ƙasa ma yana da nasa sharrin: abin da ya tsattsafo ta ciki yana gutsurewa ya toshe rariyar famfon mai, daga nan sai a ji inji ya buga.

Shekaru da dama akwai wata ƙofar fita da ta sa ba a damu da gyaran ƙwarai ba. A lokacin injin Beljiyam yana da araha. Idan an canza gasket sau biyu bai zauna ba, sai a tafi Ƙofar Ruwa a ɗauko wani injin sukutum, a sauke tsohon a sayar wa 'yan gwangwan. Wannan sauƙi ya yi wa sana'ar illar da ba a lura da ita ba: an samu tsarar kanikawa da suka ƙware a sauke inji da ɗora inji, amma ba su taɓa auna silinda ko lanƙwasar tof ba, aikin da iyayen gidansu na zamanin 504 ke yi da alfahari. Kuma sabon injin ana ɗora shi ne a kan tsohon lagireto, da tsohon murfi, a cire masa tamostat tun ranar farko.

Ƙofar nan tana rufewa. An hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa daga farkon 2017, an rufe iyakokin gaba ɗaya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, sannan a 2023 aka cire tallafin fetur aka kuma saki naira ta nemi farashinta. Injin da direba ke iya saya da ribar kaka ɗaya yanzu sai an haɗa da sayar da dabba ko gona. Motocin da ke tashoshin Bebeji da Kiru da Tudun Wada kuwa sun haura shekara ashirin da biyar, wasu talatin, kuma babu wasu a hanya da za su maye gurbinsu da wannan farashi. Dole ta sa lissafi ya juya: kwana huɗu a tsaye da kuɗin gogewa a Kano yanzu sun fi sabon inji sauƙi nesa ba kusa ba.

Ilimin ma ya fara samun wasu hanyoyi. Akwai kwalejin fasaha ta gwamnati a Bagauda, gwamnatin Kano a zamanin Ganduje ta tura matasa, har da mata, koyon gyaran mota a cibiyar horarwa ta Peugeot a Kaduna, kuma kanikawa na da ƙungiyarsu ta NATA. Sai dai yawancin waɗanda suka samu irin wannan horo birni suke zama, inda masu manyan motoci suke. Abin da ya fi isa garejin ƙauye shi ne wayar hannu. Yaron gareji da ya yi sakandare yana iya nemo adadin ɗaurin ƙusoshin Sharon da tsarinsu a intanet cikin minti biyu, abin da ogansa ya shekara talatin bai taɓa gani a rubuce ba. Matsalar ita ce yadda zai faɗa wa Oga ba tare da an ce ya yi rashin kunya ba, da kuma wanda zai sayi sifana mai awo, wadda kuɗinta bai kai na gasket biyu da ladan ɗaura su ba.